Ma'auni da Shaidar Inganci: Sharaɗin Karɓuwar Kayan Masana'antun Yankin Gumel

Gagarawa Tasha tana kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya ƙare a Nguru, wanda aka kammala a shekarar 1930, kuma tun zamanin cinikin gyaɗa mutanen yankin suka saba da cewa amfanin gonar da za a loda wa jirgi sai an ɗora shi a kan sikeli, an kuma duba kyansa, kafin a yanke masa farashi. A yau gyaɗa ta ja baya, riɗi da zoɓorodo da ƙaro sun karɓi matsayinta a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sannan hankalin gwamnati da na 'yan kasuwa ya karkata ga sarrafa waɗannan kaya a gida maimakon fitar da su ɗanye. Saboda wannan manufa aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga baya aka ware filin masana'antu a Gagarawa, aka kuma ba wani reshen rukunin kamfanonin Lee fili mai faɗin kimanin hekta 12,000 domin noman rake da yin sukari, lamarin da ya jawo doguwar jayayya da manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin.

Duk masana'antar da ta tsaya da ƙafarta a wannan yanki, ko ta sukari ce ko ta tace riɗi ko ta matsar mai, za ta yi hulɗa da mai saye wanda bai taɓa ganin Gagarawa ba, bai san mai kamfanin ba, ba shi kuma da wani dattijo da zai tsaya masa shaida. Irin wannan mai saye takarda yake nema, kuma takardu biyu ne suka fi yawo a wannan fage: shaidar tsarin kula da inganci, wadda aka fi sani da ISO 9001, da shaidar cancantar ɗakin gwaje-gwaje, wadda ake bayarwa bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025. Jama'a da dama, har da wasu masu masana'antu, suna ɗaukar su abu guda, alhali kowacce da abin da take tabbatarwa, kuma ta farkon ba ta da nauyi idan ma'aunan da kamfani ke dogaro da su ba su bi ta hannun masu ta biyun ba.

Abin da ISO 9001 ke shaidawa

Ƙungiyar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, wato ISO, an kafa ta a 1947, hedikwatarta tana Janeba a ƙasar Suwizalan, kuma kowace ƙasa tana da hukuma guda da ke wakiltarta a ciki. Wakiliyar Najeriya ita ce hukumar SON, wadda aka kafa a 1971. A shekarar 1987 ƙungiyar ta fitar da jerin ƙa'idojin ISO 9000, waɗanda aka gina a kan wata ƙa'idar Birtaniya ta 1979, aka kuma yi wa ISO 9001 garambawul a 1994 da 2000 da 2008 da 2015. Ƙa'idar ba ta faɗin yadda sukari mai kyau ko riɗi mai tsabta ya kamata ya kasance, domin abin da take dubawa shi ne yadda ake tafiyar da kamfani: ko shugabanni sun fayyace abin da abokin ciniki ke so, ko kowane ma'aikaci ya san aikinsa kuma an horar da shi a kai, ko ana tantance masu kawo ɗanyen kaya, ko ana rubuta abin da aka yi a lokacin da aka yi shi, ko kuma idan kaya suka ɓaci ana ware su gefe a binciko tushen ɓarnar don kada ta maimaitu. Ginshiƙin tsarin matakai huɗu ne da ke zagayawa ba tsayawa, wato a tsara, a aiwatar, a duba sakamako, sannan a gyara.

ISO da kanta ba ta ba kowa takardar shaida. Aikin wasu kamfanoni ne ko hukumomi masu zaman kansu daga wanda ake bincika, waɗanda ke tura masu bincike su fara duba rubutaccen tsarin kamfanin, sannan su dawo karo na biyu su shiga cikin masana'antar, su yi wa ma'aikata tambayoyi, su ɗauki buhu guda daga sito su nemi a nuna musu tarihinsa tun daga ranar da ɗanyen kayan suka shigo ƙofa. Idan an samu giɓi tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi, sai an toshe shi kafin a ba da takardar, wadda wa'adinta shekara uku ne, tare da binciken bibiya a kowace shekara. Saboda haka mai karanta tallan kamfani ya kamata ya fahimci cewa ISO 9001 shaida ce ta tsari da ɗorewa a kansa, ita kuwa shaidar ingancin kayan kansu a Najeriya tana fitowa ne daga shirin MANCAP na hukumar SON, wanda ke ba da alamar NIS ga kayan da aka ƙera a gida, da kuma rajistar hukumar NAFDAC idan abinci ne ko magani.

A cikin ISO 9001 ta 2015 akwai wani sashe, mai lamba 7.1.5, wanda ya wajabta wa kamfani ya tabbatar cewa na'urorin da yake awo da su sun dace da aikin, ana gwada su a kan lokaci, kuma sakamakonsu yana komawa ga ma'aunin ƙasa ko na duniya. Wannan ɗan sashe shi ne ƙofar da ta haɗa takardar farko da ta biyu, domin kamfani yana iya cika kowane littafi da lambobi cikin tsari mai ban sha'awa, amma idan sikelin da ya samar da lambobin yana da tawaya, to an adana kuskure ne cikin tsari.

Gwajin ma'auni da silsilarsa

Gwajin ma'auni shi ne kwatanta abin da na'ura ke nunawa da wani ma'auni da aka riga aka san ƙimarsa, a rubuta bambancin da ke tsakaninsu, a kuma faɗi iyakar kokwanton da ke tattare da kwatancin. Ya bambanta da gyaran na'ura, domin ana iya gwada sikeli a bar shi yadda yake, mai amfani da shi ya riƙa la'akari da kuskuren da aka gano. Ya kuma bambanta da aikin sashen awo da ma'auni na ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, wanda doka ta ɗora wa duba sikelin kasuwa da famfon gidan mai ya buga musu hatimi domin kare mai saye.

Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya zo gwada ƙaramin sikelin lantarki da ake auna samfurin riɗi da shi, yakan fara ajiye akwatin duwatsun awonsa, waɗanda ƙarfe ne maras tsatsa da aka ƙera da nauyi sananne, a cikin ɗakin na wani lokaci har zafinsu ya yi daidai da na iskar wurin. Yakan duba ɗan kumfan da ke jikin sikelin ya tabbatar yana tsakiya, alamar cewa sikelin bai karkace ba, sannan ya ɗauki dutsen da hantsaki ko da safar hannu, saboda gumin yatsa kaɗai yana ƙara wa ƙaramin dutse nauyi. Yakan ɗora dutse guda ya sauke sau da yawa a jere domin ganin ko sikelin zai maimaita amsa ɗaya, ya ɗora shi a tsakiyar faranti da kusurwoyinsa huɗu domin ganin ko wurin ajiyewa yana canja karatu, sannan ya bi nauyi daban-daban tun daga ƙarami har zuwa iyakar abin da sikelin ke ɗauka. Zafi da danshin ɗakin duk suna shiga cikin rahoto, kuma takardar da zai bayar tana ɗauke da lambar na'urar, da ranar gwaji, da kuskuren da aka samu a kowane mataki, da lambar duwatsun da aka yi aikin da su.

Waɗannan duwatsu su ma an gwada su da wasu da suka fi su daraja, domin duwatsun awo hawa-hawa ne, daga ajin E1 da ake ajiyewa a manyan cibiyoyi zuwa ajin M da ake gwada sikelin kasuwa da shi. Haka silsilar ke hawa daga masana'anta zuwa ɗakin gwaji, daga nan zuwa cibiyar awo ta ƙasa, wadda hukumar SON ta gina a Enugu, har ta kai ga ma'aunin da ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi a kansa. Almajirin ilmi zai gane wannan tsari da sauƙi, domin ya yi kama da isnadin hadisi, inda ingancin ruwaya ya rataya a kan sanin kowane mai ruwaya da amincinsa, kuma yankewar mutum guda a tsakiya ta isa ta raunana abin da aka ruwaito. Tushen silsilar ya faro daga yarjejeniyar mita da ƙasashe 17 suka sanya wa hannu a birnin Faris ranar 20 ga Mayu, 1875. Daga 1889 kilo ɗaya yana nufin nauyin wani dunƙulen ƙarfe da aka adana a kusa da Faris, har zuwa 20 ga Mayu, 2019, lokacin da aka koma fassara shi da wata tabbatacciyar ƙima ta kimiyyar fiziya wadda ba ta tsatsa ba ta kuma ɓata.

Yanayin arewacin Jigawa yana ƙara wa wannan aiki muhimmanci. Ma'aunin tsawo a duniya an gina shi a kan zafin digiri 20, alhali a watan Afrilu zafin Gumel da Maigatari yana kaiwa digiri 40, kuma sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙaruwa da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita a wannan tazara, abin da ya isa ya ɓata aikin mai ƙera kayan gyaran inji. Ƙurar hunturu tana shiga cikin na'urori, wutar lantarki mai hawa da sauka tana gajiyar da su, sannan akwai wani dalili da ba kowa ya san shi ba: sikelin lantarki ƙarfin jan ƙasa yake aunawa, kuma wannan ƙarfi ya fi rauni a kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Sikelin da aka saita a tsakiyar Turai aka kawo shi Jigawa ba tare da sake saitawa ba zai rage kusan giram 3 a kowane kilo, wato kusan kilo 90 a lodin tan 30, shi ya sa ƙa'ida ta ce a gwada sikeli a inda zai yi aiki.

Wa ke shaidar mai shaida

Tambayar da ta rage ita ce yadda za a amince da ɗakin gwajin da kansa, ko na cikin masana'anta ne ko na haya, kuma amsarta ita ce shaidar cancanta. Ƙa'idar ISO/IEC 17025, wadda ta fito a 1999 aka sabunta ta a 2005 da 2017, ta wuce duba tsarin gudanarwa zuwa duba ƙwarewar aiki. Masu tantancewar masana ne a fannin da ake nema, sukan tsaya su kalli ma'aikaci yana gwaji da hannunsa, su bi lissafin iyakar kokwantonsa, su duba silsilar ma'aunansa, su kuma tabbatar babu wani matsin lamba daga sashen ciniki da zai sa a lanƙwasa sakamako. Ana kuma buƙatar ɗakin ya riƙa shiga gwajin kwatanci, inda ake zagaya samfur guda ko dutsen awo guda tsakanin ɗakuna da yawa a ga wanda amsarsa ta kauce, domin kuwa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shaidar cancanta tana da iyaka a rubuce. Ɗakin da aka amince masa ya gwada sikeli daga giram ɗaya zuwa kilo 20 ba shi da hurumin ba da takarda mai tambarin cancanta a kan babban sikelin auna manyan motoci, balle a kan ma'aunin zafi ko na matsin tururi, kuma mai hankali yakan nemi ganin wannan jadawali kafin ya biya kuɗin aiki. A Najeriya hukumar NiNAS ce ke ba da irin wannan shaida, an kafa ta a 2015 ƙarƙashin wani shirin gina tubalan inganci da Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa, hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta aiwatar. Su ma hukumomin ba da shaidar cancanta takwarorinsu na wasu ƙasashe ne ke bincikar su, ta hanyar ƙungiyoyi irin su AFRAC a Afirka, kuma a shekarar 2000 ƙungiyar ILAC ta duniya ta ƙulla yarjejeniyar amincewa da juna domin gwajin da aka yi a ƙasa ɗaya ya karɓu a sauran ba tare da an maimaita shi ba.

Tsadar rashin awo

Najeriya ta riga ta ɗanɗana abin da raunin gwaji ke jawowa. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan da aka yi ta samun ragowar maganin ƙwari mai suna dikulobos a cikinsa, wani lokaci har miligiram 4.6 a kilo, alhali iyakar da aka yarda da ita miligiram 0.01 ce, kuma haramcin da aka yi tsammanin na shekara guda ne aka yi ta tsawaita shi. Riɗin Najeriya yana cikin kayan da ake tsananta wa bincike a tashoshin Turai saboda ƙwayar cutar salmonela, sannan Mekziko, babbar kasuwar zoɓorodon ƙasar nan, ta taɓa rufe ƙofarta na tsawon shekaru saboda ƙwarin ajiya da aka gani a cikin kaya. A kowane ɗayan waɗannan lamura an gano aibin ne a can ƙetare, bayan an biya kuɗin mota da na jirgin ruwa, kuma asarar takan gangaro har kan manomin da farashin buhunsa ya faɗi a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba tare da ya san dalili ba.

Dukkan matakan kariya daga irin wannan asara a kan awo suka tsaya. Turara zoɓorodo da iskar kashe ƙwari yana aiki ne idan an auna yawan iskar da zafin ɗakin da tsawon lokacin daidai. Hana fumfuna a riɗi da gyaɗa ya dogara ga na'urar auna danshi, kuma gubar afalatoksin da fumfunar ke haifarwa, wadda aka gano bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, ana auna ta ne da kashi cikin biliyan, inda Turai ta ƙayyade maikurogiram 4 a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye. Babu idon dillali, komai gogewarsa, da zai ga wannan adadi.

Manomi a bakin sikeli

Akan ɗauka cewa waɗannan takardu sun shafi mai kamfani da baƙon da ke saye ne kawai, amma wanda ya fi kowa bukatarsu shi ne ƙaramin manomi. Masana'antar sukari tana sayen rake da nauyi, wasu kuma suna haɗawa da yawan zaƙin da na'ura ta nuna a ruwansa, kuma a duka biyun kamfani ne ke riƙe da na'urar, shi ne kuma mai biya. Idan babban sikeli ya rage kilo ɗaya a kowane ɗari, lodin tan 30 ya yi asarar kilo 300, kuma ba lallai ne a ce da gangan aka yi ba, domin laka da ta taru ƙarƙashin sikelin ko na'urar da ta tsufa sun isa su jawo hakan. A kasuwar ƙauye mai sayarwa yana ganin mudu ko tiya da idonsa, yana iya ƙin kwanon da aka bubbuga gindinsa, amma a gaban allon lantarki ba shi da abin dubawa face takardar gwaji daga wani ɗaki mai zaman kansa. Al'ummar da ta tashi da karatun Suratul Muɗaffifina da ƙissar Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana, wadda kuma ta san aikin muhtasibi mai duba ma'aunan kasuwa, ba ta bukatar a koya mata girman laifin tauye mudu. Abin da take bukata shi ne hanyar gane tauyewar a na'urorin zamani.

A yankin da batun filaye ya riga ya bar tabo tsakanin manoma da masu zuba jari, sikelin da kowa ya yarda da shi yana daga cikin abubuwan da za su dawo da aminci. Ya dace ƙungiyoyin manoma su sanya sharaɗi a yarjejeniyar noman kwangila cewa za a riƙa gwada sikelin kamfani a ƙayyadadden lokaci, a liƙa takardar a inda kowa zai gani, a kuma ba wakilinsu damar halartar gwajin. Ya dace kuma masu saye su riƙa tambayar wace hukuma ce ta tabbatar da cancantar wanda ya ba kamfani ISO 9001, domin akwai masu sayar da takarda ba tare da bincike na gaskiya ba.

Akasarin ɗakunan gwaji masu shaidar cancanta a Najeriya suna kudu, musamman Legas, abin da ke nufin ƙaramar masana'anta a Gagarawa za ta biya kuɗin tafiyar ma'aikaci da kayansa na fiye da kilomita dubu, ko ta aika na'urarta ta zauna jira aiki ya tsaya. Wannan tsada ce ke sa da yawa su haƙura da gwajin gaba ɗaya. Maganinta shi ne a sanya ɗakin gwajin nauyi da zafi da danshi cikin abubuwan farko da za a tanada a filin masana'antu na Gagarawa ko yankin ciniki na Maigatari, daidai da hanya da ruwa da wuta, ya zama na haɗin gwiwa ga duk masana'antun yankin, a kuma nema masa shaidar cancanta tun daga farawa. Jami'ar Tarayya da ke Dutse da kwalejojin fasaha na Kazaure da Haɗeja da Dutse suna yaye matasa masu ilmin kimiyya da injiniyanci da za a iya horarwa a wannan sana'a. Tun da aka fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a ranar 1 ga Janairu, 2021, haraji a kan iyakoki yana kan hanyar raguwa, ƙa'idojin inganci kuwa suna nan daram, don haka jihar da ta gina masana'antu ba ta gina ikon auna abin da suke samarwa ba za ta ci gaba da sayar da kayanta a kan farashin da ɗakin gwajin wani ya yanke mata.